Yadda Ake Zaɓen Mota Mai Kujeru Bakwai Domin Iyali

Da yawa daga cikin motocin da ake tallatawa da sunan masu ɗaukar mutum bakwai, a zahiri motocin mutum biyar ne da aka ƙara wa ƙananan kujeru biyu a wurin ajiye kaya. Wannan ba aibu ba ne ga wanda ya san abin da yake saye. Amma magidancin da ke da 'ya'ya biyar, ko wanda mahaifiyarsa ke zaune a gidansa kuma ba a fita unguwa a bar ta, zai gane bambancin ne ranar da aka yi shirin tafiya gida bikin Sallah, lokacin da kowa ya samu wurin zama amma akwatuna suka rasa nasu. A shekarun baya zaɓin ba shi da wahala, domin doguwar Peugeot 504 da kamfanin PAN ya riƙa haɗawa a Kaduna ita ce motar babban gida, ita ce kuma ta tasha. Yanzu kasuwa ta cika da motocin da aka yi amfani da su a Amurka da Kanada da Turai, kowace da irin iyalin da aka ƙera ta dominsa. Saboda haka ya fi kyau a fara da mutanen da za su shiga motar, a bi da hanyar da za ta riƙa takawa, sai daga baya a zo kan suna da shekara.

Mataki na farko: a ƙirga mutane, a ƙirga kaya

Kafin a je wurin dillali, a zauna a rubuta waɗanda za su riƙa shiga motar kullum, da waɗanda sai ranar Juma'a ko ranar biki. Tambayar da za ta raba gardama ita ce: su wa za su zauna a sahun baya, kuma sau nawa? Idan yara biyu ne 'yan firamare da za a kai makaranta a dawo da su, kusan kowace mota mai sahu uku za ta wadatar. Idan kuwa samari ne ko manya, kuma tafiyar ta kai daga Kano zuwa Maiduguri, to ƙananan kujerun nan azaba ce kawai. A kuma tuna cewa yaron da ke da shekara tara a yau zai kai tsawon ubansa tun motar ba ta tsufa ba.

Nauyi ma yana da iyaka, kuma an rubuta shi. A jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai takarda da ke nuna jimillar nauyin mutane da kaya da motar za ta iya ɗauka, kuma a irin waɗannan motoci yakan faɗo ne tsakanin kilo 500 da 650. Manya bakwai masu kilo 70 kowanne sun riga sun cinye kilo 490. Idan aka ɗora buhun shinkafa biyu da jarkar manja a dawowa daga ƙauye, a motoci da yawa an wuce gona da iri, kuma taya da birki da shokozoba ne za su biya bashin.

Mataki na biyu: a zaɓi siffar mota kafin a zaɓi suna

Motocin nan sun kasu gida uku, kuma a nan ne ake yawan yin kuskure.

Na farko su ne masu siffar ƙaramar bas, masu ƙofar da ake turawa gefe, irin su Toyota Sienna da Honda Odyssey. An ƙera su ne tun daga tushe domin sahu uku. Daɓensu a ƙasa yake, don haka tsohuwa mai ciwon gwiwa za ta shiga ba tare da an ɗaga ta ba, babba kuma zai zauna a sahun baya ƙafarsa a sake. Sienna ƙirar 2011 zuwa 2020 tana da wurin kaya da ya kai kusan lita 1,100 a bayan sahu na uku alhali duk kujeru suna tsaye, saboda akwai rami mai zurfi a wurin, wanda kujerun ke naɗewa su shige ciki idan ba a buƙatarsu. Akan samu mai kujeru bakwai, wadda ke da kujeru biyu rabe a tsakiya da 'yar hanyar wucewa baya, akan kuma samu mai takwas. Ƙofar da ake turawa tana da wani amfani da ba a cika ambata ba: yaro ba zai banko ta ta bugi motar maƙwabci ko mai babur da ke wucewa ba.

Na biyu su ne jif masu sahu uku, irin su Toyota Highlander, Honda Pilot, Nissan Pathfinder, Kia Sorento da Hyundai Santa Fe. Sun fi tsayi daga ƙasa, sun fi kwarjini a ƙofar gidan biki, kuma wannan kwarjinin ne ke sa mutane da yawa sayen abin da bai ishe su ba. Highlander ƙirar 2008 zuwa 2013, idan aka ɗaga sahun baya, abin da ke saura na kaya bai kai lita 300 ba, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na Sienna. Pilot ƙirar 2009 zuwa 2015 ta fi ta sarari, tana da kusan lita 510, kuma tana ɗaukar mutum takwas. Ba kowace Highlander ce ma ke da sahu na uku ba, don haka a buɗe baya a gani da ido. Manyan jif irin su Prado da Lexus GX suna da ƙarfin jure mummunar hanya, amma da yake an ɗora jikinsu ne a kan shasi, daɓen baya yana da tudu, wanda ya zauna can gwiwoyinsa na kusa da ƙirjinsa, ga kuma shan mai.

Na uku su ne na Turai masu ƙaramin inji: Volkswagen Sharan da 'yan uwanta Ford Galaxy da Seat Alhambra, waɗanda aka riƙa haɗawa a masana'anta ɗaya a ƙasar Fotugal tun daga tsakiyar shekarun 1990, sai Opel Zafira da Toyota Avensis Verso. Suna da sauƙin mai, da yawansu kuma giyar hannu ce, wadda gyaranta ba ya ɗaga hankali. Tsohuwar Sharan tana da kujeru ɗaiɗai da ake iya cirewa gaba ɗaya. Matsalarta a Arewa ita ce yawancin waɗanda ake samu sun riga sun yi aikin haya a tasha, an yi musu lodin da ya wuce kima na shekaru. Zafira kuwa sahun bayanta na yara ne.

A ganina, iyalin da ke cika kujeru shida ko bakwai a kowane mako, ƙaramar bas ce tasu, ko da kuwa abokai za su ce ta yi kama da motar haya. Jif ta dace ne da iyalin mutum biyar da baƙi ke shigowa jefi-jefi, ko wanda hanyarsa ta tilasta masa.

Mataki na uku: a duba hanyar gida

Tazarar cikin Sienna da ƙasa kusan santimita 17 ce, ta Highlander da Pilot kuma kusan 20. Bambancin santimita uku kamar ba komai ba ne, amma idan aka cika mota da mutane takan ƙara zama ƙasa, kuma Sienna doguwa ce, don haka cikinta ya fi saurin gogar tudun rage gudu da bakin kwalbati. Wanda unguwarsa ke zama kogi a watan Agusta, ko garinsu sai an bar kwalta an bi burji da yashi, dole ya ba wa tsayi muhimmanci. Wanda zirga-zirgarsa a cikin gari ce da manyan hanyoyi, ba shi da dalilin biyan kuɗin jif. Akwai Sienna mai jan taya huɗu, sai dai an ƙera ta ba tare da safaya ba, da wasu tayoyi na musamman da ke iya ɗan tafiya bayan sun yi faci. Galibi kafin ta iso nan an mayar mata da tayoyi na gama-gari, sai ta zama mota mai ɗaukar iyali a doguwar hanya ba safaya. Wanda ya saye ta sai ya nemi safayar da kansa, ita kuma ta cinye masa wurin kaya. A auna faɗin ƙofar gida da tsawon gareji, domin Sienna ta ɗan haura mita biyar.

Mataki na huɗu: a lissafa kuɗin riƙo

Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, shan mai ya zama babban ma'auni. Injin silinda shida mai lita 3.5, irin na Sienna da Highlander da Pilot, yakan sha kusan lita 13 a kowane kilomita 100 a cikin gari, da kusan lita 10 a kan babbar hanya, kuma cunkoso da na'urar sanyi da lodi suna ƙara wannan adadi. A ninka shi da tafiyar da ake yi a wata, a ga ko albashi zai ɗauka. Sienna daga ƙirar 2021 duk mai haɗa fetur da lantarki ce, shanta bai wuce kusan lita 6.5 ba, amma farashinta ya yi nisa, kuma sai an tabbatar akwai mai gyaran da ya san batirinta a kusa. Mai tunanin mayar da motar ta koma amfani da iskar gas ta CNG ya fara tambayar inda za a ajiye tukunyar, domin a jif mai sahu uku ba ta da wuri sai inda kujerun baya ko kaya suke.

Sai kayan gyara. A je Kofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, a tambayi kuɗin shokozoba, da fitilar gaba, da famfon ruwa, da kwamfuresar na'urar sanyi na motar da ake so. Idan aka ce sai an aika Ladipo a Legas kafin a samu, to a sani haka za a yi ta yi duk lokacin da ta tsaya. Wannan ne dalilin da ya sa Toyota ke tsada a kasuwar hannu, kuma tsadar tana da hujja. Ya kamata a ware wani kaso na kuɗin sayen, kada a zuba shi duka a hannun dillali, saboda babu tsohuwar motar da ba ta neman wani abu a watanninta na farko.

Mataki na biyar: a san raunin kowace ƙira

Sienna da Highlander masu injin lita 3.3 suna amfani da bel ɗin tayimin, wato bel ɗin da ke daidaita motsin sassan cikin inji, wanda ake canzawa bayan kimanin kilomita 145,000. Injin lita 3.5 da ya maye gurbinsa a Sienna daga 2007 sarƙa gare shi, ba ya buƙatar wannan canji, sai dai na farko-farkonsa suna da bututun baƙin mai da ke da sashen roba wanda kan fashe, kuma Toyota ta fito da na ƙarfe zalla a madadinsa. A sa bakanike ya duba wanne ne a jiki. Ƙofofin Sienna masu buɗe kansu suna da waya da injin ja da kan lalace, har kamfanin ya taɓa kiran ƙirar 2011 zuwa 2016 domin gyaran ƙofofin. A buɗe kowace a rufe sau da yawa, da maɓalli da kuma hannu.

Injin silinda shida na Pilot da Odyssey shi ma bel gare shi, ana canza shi a kusan kilomita 169,000 ko shekara bakwai, kuma idan ya tsinke inji na tafiya ɓarnar tana da yawa. Odyssey ƙirar 1999 zuwa 2004 ta yi ƙaurin suna wajen lalacewar giya. Pathfinder ƙirar 2005 zuwa 2010 tana da matsalar lagireto da kan bar ruwa ya shiga man giya, wadda ta biyo baya daga 2013 kuma tana da giyar CVT, wata irin giya mai sarrafa kanta da ba ta da matakai irin na giyar da aka saba, wadda ba ta son zafi da lodi, kuma ba kowane bakanike ne ya iya ta ba.

A guji motar da aka sauya wa sitiyari daga dama zuwa hagu. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, kuma irin wannan sauyi yakan taɓa birki da wayoyi da jakar iska. Akan gane ta daga yadda abin share gilashi ke kwanciya ta ɓangaren da bai dace ba, da sandar sigina da ke hannun dama. Idan kuma ƙofar turawa ɗaya ce tak kuma tana hagu, yara za su riƙa sauka ne a tsakiyar titi.

Mataki na shida: a gwada ta da iyalin

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, alhali shi ne ya fi kowanne amfani. A je da uwargida da yara, ko aƙalla da mutum uku ko huɗu manya. Mai sayen da kansa ya shiga sahun baya ya zauna, a mayar da kujerar tsakiya yadda za a zauna a kanta, ya duba ko gwiwarsa na tokarar ta, ko kansa na taɓa rufi, ko akwai matashin kai da ya kai ƙeyarsa. Matashin nan ba ado ba ne, shi ke tare wuya idan aka bugi mota ta baya, kuma a motocin hannu sau da yawa an cire shi ya ɓace. A ƙirga bel ɗin kujera ɗaya bayan ɗaya, a ja kowanne a ɗaura, a fizge shi da ƙarfi a ga ko yana kullewa. Mai jariri ya zo da kujerar jaririn ya ɗaura ta, sannan ya gwada ko har yanzu ana iya wucewa baya, domin a jif da yawa sai an kifar da kujerar tsakiya kafin a shiga, kuma ba ta kifuwa idan an ɗaure kujerar jariri a kanta. Ƙananan yara wurinsu baya ne, ba gaba ba, ba kuma cinyar wani ba.

Na'urar sanyi tana buƙatar gwaji na musamman, musamman ga mazauna Sakkwato da Maiduguri inda zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu. A yi gwajin da rana tsaka, ba da safe ba. A kunna ta, a bar motar a tsaye na minti goma, a sa hannu a kafofin iskar da ke rufin baya ko gefen sahu na uku. Motoci masu na'urar baya suna da dogayen bututu da ke bi ta ƙarƙashin mota, kuma idan suka fara yoyo wasu masu gyara sukan toshe su kawai. Sai gaba ta yi sanyi, fankar baya tana juyawa tana hura iska mai ɗumi, direba bai sani ba, yara suna ta gumi.

Daga nan a hau hanya da mutanen a ciki. A hau tudun rage gudu a saurari ƙarƙashi, a taka birki da ɗan ƙarfi a ji ko tana ja gefe, a kula da yadda giya ke shiga, ko a hankali ko da fizga. A bar ta ta yi zafi sosai a cunkoso ana kallon allurar zafin inji.

Mataki na bakwai: bakanike da tarihin mota

A zo da bakaniken da mai saye ne ya ɗauko shi kuma shi zai biya shi, ba wanda dillali ya nuna ba, ya sa na'urar kwamfuta ya karanta matsalolin inji da giya. Idan aka murɗa makulli, fitilar jakar iska da ta inji su kama sannan su mutu 'yan daƙiƙoƙi bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba sam, wataƙila an kashe ta ne don a ɓoye wani abu. A duba ko an cire abin daidaita zafin ruwa an haɗa fanka kai tsaye, da ko an fasa salansa an kwashe abin tace hayaƙi da makanikai ke kira indomi.

Lambar shasi tana da haruffa da lambobi 17, ana ganinta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma ginshiƙin ƙofa, kuma dole su zo ɗaya da na takardu. A motocin Amurka, na goma a jerin shi ke nuna shekarar ƙira: 8 na nufin 2008, 9 na nufin 2009, A 2010, B 2011, C 2012, haka har gaba. Wannan yana da amfani domin ana sauya wa tsohuwar Highlander fitilu da bamba a sayar da ita da kuɗin sabuwar ƙira. Da lambar ce kuma ake neman tarihin motar a intanet ta hanyar Carfax da makamantansa, har a ga hotunanta idan ta fito daga gwanjon Copart ko IAA, inda kamfanonin inshora ke sayar da motocin da suka yi hatsari ko ambaliya ta cinye. Ƙaramin bugu da aka gyara da kyau ba abin gudu ba ne idan farashi ya nuna haka, amma motar ambaliya a bar ta ko nawa aka rage, saboda wayoyinta za su yi ta ciwo ɗaya bayan ɗaya. A ja bel ɗin kujera har ƙarshensa a nemi tabon ruwa, a ɗaga kafet ɗin ramin bayan sahu na uku a nemi busasshen laka, a leƙa ƙarfen da kujeru ke gudu a kai a ga ko ya yi tsatsa. Agogon tafiyar motocin Amurka da mil yake ƙirga, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne, don haka mil 150,000 kilomita 240,000 ke nan.

A karanta shekarun tayoyi, har da safaya. Lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da DOT suna nuna mako da shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Taya mai kyan zane amma tsohuwa, a kan kwalta mai zafi da mutum bakwai a sama, ita ce ke fashewa.

Mataki na takwas: takardu, sannan biya

Ga motar da ba a taɓa yi wa rajista a ƙasar ba, a karɓi takardun kwastan a kai ofishin hukumar a tantance cewa an biya diyuti a kan wannan lambar shasin, kuma a yi haka kafin kuɗi su bar hannu. Gwamnatin Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga Janairun 2017, don haka duk wadda aka ce 'yar Kwatano ce tana buƙatar ƙarin bincike. Ga ta hannu kuwa, a nemi takardun rajista na asali da shaidar mallaka, a ga mai motar ido da ido tare da katin shaidarsa, a rubuta yarjejeniyar ciniki da shaidu, a biya ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan da ke takarda. A daidaita la'adar dillali tun kafin a fara ciniki. Bayan haka a yi canjin mallaka ba tare da jinkiri ba, a yanki inshora ta gaskiya, wadda mafi ƙarancinta ga motar gida ya koma naira 15,000 tun Janairun 2023.

Kafin a ɗauki iyali zuwa doguwar tafiya ta farko, a canza baƙin mai da matatarsa, a duba man giya da na birki, a zuba ruwan lagireto na asali maimakon ruwan famfo, a canza bel ɗin tayimin idan injin mai bel ne kuma babu shaidar lokacin da aka canza shi, sannan a tabbatar jak da abin kwance taya suna cikin motar kuma safaya tana saukowa daga maƙalinta.